Zogalen bayan gida ya dawo mana cikin kwali

Ranar wata Asabar ƙanwata ta shigo gidana da wani ɗan kwali mai ƙyalli a jakarta, sai rawar jiki take yi. Shayin rage tumbi ne, in ji ta, wata mai talla a Instagram ce ta aiko mata da shi daga Legas, kuma kuɗin da ta biya sun isa cefanen gidana na kwana uku. "Yaya, ki ga hotunan matan da suka sha, wallahi kamar ba su ba." Na karɓa na juya bayan kwalin, inda ake jera abin da ke ciki da ƙananan haruffa. Da Turanci aka rubuta, amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai ga 'yan gida: ganyen zogale, zoɓo, citta da filasko. Filaskon nan dai da kakarmu take jiƙa wa wanda cikinsa ya ɗaure. Ashe rage tumbin gudawa ce kawai. A yi kwana biyu ana zaryar banɗaki, ciki ya lafe, a ɗauki hoto, da an ci an sha ya koma inda yake. Zogalen kuwa, a gidan da muka tashi bishiyarsa uku ce a bayan ɗakin Inna, maƙwabta ke aiko yara su tsinka, ba a karɓar ko sisi.

Ban yi mata dariya sosai ba, don ni ma ba a bar ni a baya ba. Akwai lokacin da na yi watsi da kokon safe na koma wani hatsin Turawa na gwangwani, saboda wata mai koyar da girki a waya ta ce shi ne karin kumallon masu son lafiyarsu. Sai da na yi wata uku ina saye kafin na tambayi kaina abin da yake da shi wanda geron da ke buhu a ɗakin ajiyata ya rasa. Haka muka koma, kowane wata da nasa yayin. Yau a sha ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe wai don wanke dattin jiki, alhali hanta da ƙoda suna wannan aikin dare da rana ba tare da an biya su ba. Gobe a ce a daina cin duk wani abu mai sitaci. A ɗaya gefen kuma ga 'yan mata masu neman ƙiba suna haɗiyar sha-ka-fashe, wasu ƙwayoyin ma na asibiti ne da ba a shan su sai da umarnin likita, masu kumbura fuska su tayar da suga da hawan jini. Mai son ramewa da mai son ƙiba, duk aljihu ɗaya kuɗinsu ke shiga.

Ni dai a ganina lafiyar da muke nema a kwalaye tana cikin tukunyar da muke ɗorawa kullum, kuma abin da ya ɓata tukunyar ba a ɓoye yake ba. Mun ƙara mata gishiri da sukari da mai, mun kwashe mata dusa da ganye da wake.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda duniya ta ga darajar abin da muka raina. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da farin garin nan na cikin 'ya'yan kuka, wanda muke tsotsa muna yara, kuma yanzu a can cikin kwalabe masu tsada yake. A 2018 ta buɗe wa acca ƙofa, accar da mutanen Filato da Bauchi da kudancin Kaduna suke gwate da ita tun kaka da kakanni. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum ta zama shekarar gero da danginsa. Ayar da ake nomawa a yankin Maraɗi har Sifaniya ake kai ta, su yi wani abin sha da ba shi da maraba da kunun ayarmu. Zoɓon Jigawa da Kano kuwa Meziko yake tafiya tan-tan. Mu a nan, baƙo ya zo a tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, sai a ce an wulaƙanta shi. Dole sai shinkafa fara sol, miya ja mai yana iyo a kanta, da lemon kwalba mai raɓa. Mun mayar da abin da ke cutar da mu ma'aunin karamci, abin da ke gina mu kuma muka sa masa suna abincin talaka.

Bari in tsaya a kan gishiri, don shi ne ya shigo har ɗakina. Shekara biyu da suka wuce maigidana ya yi ta fama da ciwon kai, yana cewa gajiyar kasuwa ce. Da ƙyar ya yarda muka je asibiti. Aka auna jininsa, aka ce ya zauna ya huta, aka sake aunawa, lambar ba ta sauko ba. Likita ya rubuta magani, sannan ya juyo gare ni ya ce a rage gishiri. Na ce, "Likita, ai mu ba ma'abota gishiri ba ne, ɗan kaɗan nake barbaɗawa." Ya ce, "Hajiya, dunƙule nawa kike sa wa miya?" Na fara ƙirgawa da yatsu. Huɗu a miya. Biyu a shinkafa idan dafa-duka ce. Ga farin magi da nake ɗan zubawa don ya ɗaga miyar. Ga yajin da ke kan tabarma kullum, shi ma da dunƙule aka daka shi. Ban kai ƙarshen lissafin ba kunya ta kama ni.

Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da na cikin burodi da tsire da taliyar yara da duk abin da ya shiga baki. Gishiri idan ya yi yawa yakan riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara matsa wa jijiyoyi, zuciya da ƙoda su yi ta aikin wahala shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba, sai ranar da aka wayi gari ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi. Ba na cikin masu cewa magi guba ne, ko masu yaɗa cewa da farin magi ake wanke kaza da kaza, don wannan surutu ne. Matsalar yawan ne, da kuma yadda muke zuba shi a kan gishirin da mun riga mun zuba. Wani mutumin Siwizalan, Julius Maggi, shi ne ya kafa kamfanin da ya fito da dunƙulen a 1908, kuma kafin ya iso kasuwanninmu kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna miya ana lashe kwano.

Da me suke yi? Da daddawa. Na ga yadda Inna take yin ta: a kwana ana dafa kalwa har ta yi laushi, a surfa a wanke ɓawon, a sake tafasawa, a juye a ƙwarya a rufe da ganye a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu ko uku, har warin ya sanar da unguwa cewa ta nuna, sannan a kirɓa a yi ƙulli-ƙulli a shanya. 'Yan matan yanzu suna toshe hanci in sun ji ta. Abin dariyar shi ne sinadarin da ke ba dunƙule ɗanɗanon da suke so, shi ne dai yake samuwa a daddawa idan ta nuna, ga ta kuma da abin gina jiki tunda daga ƙwaya aka yi ta. Kalwa ta yi tsada saboda ɗorawa na ƙarewa a dazukanmu, gatarin masu gawayi bai bar ta ba, amma ta waken soya tana nan kuma tana aiki.

Da muka dawo daga asibiti na yi kuskuren da mai sabon tuba ke yi, na cire dunƙule gaba ɗaya rana guda. Maigida ya kai loma ɗaya ya ajiye hannu. "Yau kuma lafiya? Wannan ai lami ce." Yara ma suka bi bayansa. Sai na canza dabara, ban kuma gaya wa kowa ba. Daga huɗu na koma uku, na yi mako biyu a haka. Na koma biyu. Duk wanda na cire sai in cike gurbinsa da daddawa, da garin busasshen kifi, da albasa mai yawa wadda na bari ta soyu sosai, da tafarnuwa da citta da ɗan masoro. Harshe yana sabo, cikin 'yan makonni yake manta tsohon ma'auninsa. Yau dunƙule ɗaya nake sa wa tukunyar mutum bakwai, wata rana ma babu. Kwanaki muka je biki, muna dawowa maigida yake cewa masu girkin sun cika gishiri, ni kuwa na san daidai yake da irin wanda yake ci a gidansa shekara goma sha biyar. Maganinsa dai yana sha kullum, ban ce daddawa ta maye gurbin likita ba, kuma duk mai ce maka ka ajiye maganin hawan jini ka koma zoɓo ko tafarnuwa, ba masoyinka ba ne.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da aka gada alheri ne. Kanwa ma gado ce, kuma ita ma dangin gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da ake ɗura musu kwana arba'in, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Har gobe akwai gidajen da in mai jego ta ƙi kunun kanwa za a ce boko ya ɓata ta. Haka gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda ake tsincewa a sayar da arha a yi ƙuli-ƙuli da ita, tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta. Waken da aka zuba wa maganin ƙwari don kada ya yi ƙwaro shi ma haka, har ta kai a 2015 Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. Su sun hana, mu muka ci gaba da ci. Don haka ba kiran a koma zamanin da nake yi ba. Cewa nake a zauna a tankaɗe, a riƙe gari a zubar da tsakuwa.

Sukari kuwa ya shige mana ta ƙofar da ba mu tsare ba. Kowa ya san alewa da cincin zaƙi ne, amma wa ke lissafa abin sha? Ka tsaya teburin mai shayi ka ga yadda ake haɗa mai kauri, cokali nawa ake zubawa kafin a kai ga madarar gwangwani. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali goma, alhali shawarar masana lafiya ita ce in da hali kada a wuce kamar shida a yini. Zoɓon da bincike ya nuna yana ɗan taimakawa wajen sauko da jini, mun cika shi da sukari da kayan ƙamshi na leda har ya zama lemon kwalba mai jan launi. Fura ma ba ta tsira ba. A da gero ne da citta da kanumfari da nono mai tsami, yau sai an zuba mata sukari da madara har cokali ya tsaya. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma yanzu ko ruwan leda ba ta saye, balle ta hana wani sha.

Sai abin da muka kwashe. Idan aka kai gero ko dawa ko masara inji, a surfe shi tas, a bushe dusar a ba awaki, a kawo mana farin gari. A cikin dusar nan da ƙwayar da ke maƙale da ita ne harza take, wadda ke sa abinci ya narke a hankali suga bai yi tsalle ba, kuma a nan ne yawancin sinadaran ƙarin jini suke. Wato akuyar gidan ta fi masu gidan cin mai kyau. Ba na cewa a daina surfe, tuwo zai yi gautsi, amma a yi shi sama-sama. Ɗanwake ma, sunansa kawai ya rage a gidaje da yawa: fulawa ce da kuka da kanwa, babu ƙwayar wake ko ɗaya, a tsamo a malala mai da yaji. Alhali hikimar abincinmu tana wajen haɗa hatsi da wake, kamar garau-garau, ko ƙosai da koko, ko alala da kunu, domin abin da hatsi ya rasa na gina jiki wake yana da shi, abin da wake ya rasa hatsi yana da shi. Talakan da bai ga nama ba sai sallah, da wannan haɗin ya rayu ya yi noma.

Ganye kuwa mun bar wa ƙauye da tsofaffi. Kwaɗon rama, kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir da albasa, dambu da ganye ya fi tsaki yawa, faten tsaki da yakuwa, miyar taushe da kabewa da alayyafo, tafasa, lalo, karkashi. Ana so mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, mu kuwa a birni sai a yi kwana uku ganyen da ya shiga tukunya bai wuce ɗan kabejin da aka yi wa shinkafa ado da shi ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da yawan haihuwa suna da nasu kason, amma abinci ma yana da nasa. Ga wani ɗan abu da ban sani ba sai da na girma: shan baƙin shayi tare da abinci yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, abu mai tsami irin lemo ko gwaiba ko tumatir ɗanye kuma yana taimaka masa. Jiƙa gero ya kwana ya yi tsami kafin a yi koko ma yana sa jiki ya fi amfana da shi. Iyayenmu ba su san sunan sinadarin ba, amma gasarar da suke yi daidai take.

Na san abin da wata za ta ce, don an faɗa mini a fuska: "Ke da kika ƙoshi kike zancen lafiyayyen abinci, mu abin da zai shiga ciki muke nema." Gaskiya ce, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya gagari mutane da yawa, gawayi ma ya bi sahu. Wake yana cin wuta fiye da awa guda, taliyar yara minti biyar ta isa, ga yaro yana kuka zai tafi makaranta. Matar da ke fita aiki tun bakwai na safe ba ta da lokacin gyaran zogale tsinke-tsinke. Kuma a ƙasar da wancan binciken na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ga cibiyoyin tamowa cike a Katsina da Sakkwato da Maraɗi duk damina, zancen rage tumbi ma kamar rashin kunya ne.

Sai dai a duba, rabin gyaran da nake magana ragi ne, kuma ragi ba ya cin kuɗi. Dunƙule biyu sun fi huɗu arha. Ruwan randa ya fi lemo arha. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya cin wuta kamar busasshe, kuma ba ya buƙatar kanwa mai yawa. Ɗan ƙunshin nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda aka raba da yawa a Nijar lokacin yunwar 2005, tushensa gyaɗa ce aka haɗa da madara da mai da sukari da sinadarai. Ba a yin irinsa a gida, yaron da ya riga ya kamu asibiti za a kai shi, amma cokalin markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai kyau ko garin waken soya a cikin kunun yaron da ake yayewa yana cikin abin da ke hana a kai ga can. Sau nawa muke ba ɗan yaye farin koko tsararo da sukari, mu ce ya ƙoshi?

Akwai kuma wanda ba a cika sa shi cikin wannan zance ba, wato maigida. Duk shirin girki da nasihar abinci mata ake yi wa, kamar su ne ke yanke hukunci su kaɗai. Amma wa ke cefane? Wa ke shigowa da katan ɗin taliya da lemo yana jin ya yi bajinta, in an ce ya sayo alayyafo da kabewa ya ce shi ba akuya ba ne? Wa ake tsame wa tsokar nama a kwanonsa, yara masu girma su tashi da romo? Mace da yawa tana zuba mai da dunƙule ne don gudun a ce ba ta iya girki ba, musamman inda akwai abokiyar zama da ake gwada hannunsu. In namiji bai sauke nasa ma'aunin ba, matarsa ba za ta iya sauke na tukunya ba. Shi kuma in ya fita, ga tsire da kitse da daddare, ga taliya da ƙwai uku wajen mai shayi, sannan a dawo a ce girkin gida ne ya jawo.

Azumi ma abin dubawa ne. Yanzu masu yayin lafiya a waya sun gano amfanin barin ciki ya huta na wasu awanni, suna ta ba shi sunaye, mu kuwa muna da Litinin da Alhamis da watan Ramadan tun tuni, muna kuma da hadisin da ya ce sulusin ciki na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Amma je ka ga faranti lokacin buɗa-baki: soyayyen dankali, soyayyiyar doya da ƙwai, ƙosai, fanke, sambusa, duk a man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi, a kora da jug ɗin zaƙi. Wasu har ƙiba suke ƙarawa a watan, sallar tarawihi kuma a yi ta da ƙyar ana nishi.

Ƙanwata dai ba ta shanye shayin nata ba, kwana huɗu ta yi ta gaji da zaryar, kwalin yana kan firjinta har yanzu. Da za ta tafi ran nan na sa yaro ya saro mata reshen zogale daga wanda na dasa a bakin rariya, don shi ba ya buƙatar iri, a soka reshen a ƙasa a riƙa ba shi ruwa ya isa. Gidan haya take, tsakar gidan duk siminti, sai ta cika tsohon bokitin fenti da ƙasa ta dasa a ciki. Shekaranjiya ta kira ni, wai ya yi ganye har ta tsinka ta dafa, tana tambaya ƙulin kwaɗo dakawa ake yi ya yi laushi ko a bar shi da ɗan tsaki-tsaki. Na ce ta bar shi da tsaki, ta yanka albasa da yawa, kuma ta ɗanɗana tukuna kafin hannunta ya kai ga dunƙule.